GINI DA MUHALLI: Kafin Tifa Ta Kwashe Mana Ƙasar Filinmu

A wannan wata za mu yi magana ne a kan abin da yawancinmu ba mu ɗauka a bakin komai ba, wato ƙasar da ake tonowa idan an tashi sa harsashin gida. Mu da muke zaune a Yawunde da Duwala da sauran garuruwan kudu mun san irin wuyar da ake sha kafin a mallaki ɗan fili. Mutum zai shekara goma yana tsire, ko fawa, ko ɗinki, ko sayar da yadi a kasuwar Mokolo, ya yi adashi, ya ƙuntata wa kansa, sannan ya sami mita 300 ko 400 a bayan gari. Ranar da leburori suka fara haƙa kuwa, sai ka ga tulin ƙasa ya tsaya masa a rai, ba shi da burin da ya wuce a zo a kwashe ta. Ya kira mai tifa ya biya. Bayan wata uku ko huɗu birkila ya ce masa ana bukatar ciko, ya sake kiran mai tifa ya biya a kawo wata. Ba abin mamaki ba ne ma a ce tasa ce aka juyo masa da ita.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga girman abin. Idan mun ce kubik, muna nufin cikin akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1. A ɗauka gida ne madaidaici, mita 10 a mita 12. Idan aka haɗa bangon waje da na ɗakuna, ramin harsashi zai kai tsawon mita 70. A ce faɗinsa santimita 60 ne, zurfi santimita 80. Wannan kaɗai ya ba mu kusan kubik 34. A ƙara da ramin masai mai mita 3 a mita 2 da zurfin mita 2 da rabi, kubik 15 ke nan. Jimla kubik 49. To amma ƙasa in ta fito daga rami kumbura take yi, domin iska ta shiga tsakaninta, takan ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka abin da zai tsaya a fili ya tasam ma kubik 60. Idan tifar da aka kira mai ɗaukar kubik 6 ce, sawu goma za ta yi. Kowa ya san abin da ake biya a sawu ɗaya a unguwarsu, sai ya ninka.

Yanzu a juyo ta ɗaya gefen. Cikin gidan nan, in an cire kaurin bango, zai kai murabba'in mita 100. A garin da ake ruwa kamar namu ba mai hankalin da zai bar daɓen ɗakinsa daidai da ƙasa, dole a ɗaga shi. In aka yi cikon rabin mita, kubik 50 ke nan na ƙasa dannanniya, ban da wadda za a mayar gefe da gefen harsashi bayan an zuba kankare an jera bulo. Ashe ke nan duk abin da aka haƙo yana da wurin komawa, wani lokaci ma sai an nemi ƙari. Wanda ya sa aka kwashe ya biya kuɗi sau biyu a kan abin da Allah ya ba shi kyauta tare da filin.

Sai dai ba kowace ƙasa ce take yin kowane aiki ba, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta kuɗin tifa. Duk wanda ya leƙa cikin rami zai ga ƙasar hawa-hawa ce. Ta sama baƙa ce ko mai duhu, mai taushi, cike da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da tana. Kaurinta bai cika wuce taki ɗaya ba, wato santimita 15 zuwa 30. Ita ce ƙasar noma. A ƙarƙashinta sai jar ƙasa, wadda a Yawunde takan yi zurfin mita da yawa, wani wuri da burji a cikinta, wani wuri a ci karo da marmara. Baƙar ƙasa zinariya ce ga mai shuka, amma guba ce a ƙarƙashin daɓe, domin abin da ke cikinta yana ci gaba da ruɓewa, ƙasar tana zama, ga ta da kiran gara. Jar ƙasa kuwa ita ce ta ciko da tubali, amma in ka shuka alayyafo a kanta sai ya yi ta kallonka. Lebura da aka yi jinga da shi a kan tsawon rami ba ruwansa da wannan bambanci. Shebur ɗaya baƙa, shebur ɗaya ja, duk a wuri guda. Da zarar sun gauraya an yi asarar duka biyun, ba ta noma ba ta gini.

Maganin abin mai sauƙi ne, amma sai an yi shi kafin a ja igiya. A fara share ciyawa da kututture, sannan a kankare baƙar ƙasar daga duk inda gida zai zauna, har da ƙarin mita ɗaya ko biyu a kewaye, a kai ta kusurwar fili inda ba za a yi gini ba kuma mota ba za ta bi ba. A gidan da muka yi misali da shi, kankare santimita 20 zai ba da fiye da kubik 24. Aikin yini biyu ne ko uku ga mutum huɗu da baro. A sa shi cikin jinga tun farko, a faɗa wa shugaban leburori da baki, a nuna masa wurin da hannu. In kuwa katafila ce za ta daidaita filin, to maigida ya tsaya da kansa ranar, don direba in ya sa kai sai ya ture komai zuwa gangare cikin awa guda.

Ita baƙar ƙasa abu ne mai rai, saboda haka ajiyarta daban ce. Kada a tara ta ta wuce tsayin mutum. In tulin ya yi tsawo, ta ciki ba ta samun iska, sai ta yi tsami, ƙwayoyin halittar da ke sa ta albarka su mutu. Gara a yi ta doguwa kamar kunya, a ɗan gyara bayanta yadda ruwa zai zame. Kada a tattake ta, kada a ajiye bulo ko rodi a kai, kada kuma a bar masu kwaɓa siminti su wanke shebur da baro a gindinta. Mun san yadda gininmu yake tafiya: bana harsashi, baɗi a kai linta, rufi kuwa sai yadda hali ya yi. Ƙasar da za ta shekara biyu ko uku a fili, in aka bar ta tsirara, ruwa zai wanke ta, abin da ya rage kuma ciyawa ta mamaye. A shuka wake ko gyaɗa ko dankali ko kabewa a kanta. Saiwar tana riƙe ƙasa, ganyen yana kare ta daga dukan ruwa, wake da gyaɗa kuma suna ƙara mata taki. Maigadi ma ya sami na miya, ya ji daɗin zama.

Jar ƙasa kuwa abin da take so shi ne a kare ta daga ruwa. A Yawunde damina biyu muke yi, ta farko daga Maris zuwa Yuni, ta biyu daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma Oktoba ya fi kowane wata ruwa. A Duwala kuwa abin ya ninka namu fiye da sau biyu, Yuli da Agusta sama ba ta ɗaukewa. Jar ƙasar da ta sha ruwa ta zama caɓi ba ta dannuwa, sai an jira ta sha iska, aiki ya tsaya. A lulluɓe ta da tamfol ko babbar leda, a danne gefe da duwatsu, a yi ɗan lambatu ta saman tudu don ruwan da ke gangarowa ya kauce mata.

Maganar inda za a tara ta, a nan muke roƙon jama'a su saurara da kyau, domin abin ya wuce na kuɗi, ya zama na rai. Kubik ɗaya na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fi tan ɗaya da rabi nauyi, yakan kusa tan biyu. Wato buhun siminti 30 zuwa 40 ke nan. Lebura yakan jefa ƙasa a bakin rami don nan ne hannunsa yake kaiwa. Nauyin yana danna gaɓar ramin, ruwa ya jiƙa ta, sai ta rufta ba sallama. A ramin harsashi mai santimita 80 abin da zai faru shi ne a sake haƙa. A ramin masai ko rijiya mai mita biyu ko uku, mutum ne a ciki. Wanda ƙasa ta rufe zuwa ƙirji ma numfashi yana gagararsa, balle wanda ta binne. A bar aƙalla mita ɗaya tsakanin bakin rami da gindin tulin, in ramin mai zurfi ne a matsar da ita gwargwadon zurfinsa. Duk ramin da ya wuce ƙirjin mutum a tokare gefensa da katako, a sa tsani a ciki, kada a bar mutum ɗaya yana haƙa ba kowa a sama. Da yamma kuma a rufe shi ko a kewaye shi, saboda yaran unguwa. Tulin ƙasa wurin wasa ne a wurinsu, ramin da ya tara ruwa kuwa ba ya nuna zurfinsa.

Haka nan kada a jingina ƙasa da katangar maƙwabci, ko da ya yarda. Katangar bulo an yi ta ne ta ɗauki nauyin kanta, ba a yi ta don ta tare turi daga gefe ba. Za ta yi ciki, ta tsage, wata rana cikin dare ta kwanta a tsakar gidan mutane. Mu baƙi ne a idon wasu ko da an haifi kakanninmu a nan, kuma rigimar katanga tsakanin Bahaushe da ɗan gari ba ta tsayawa a kan katanga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada kuma a zuba ta a bakin titi ko cikin magudanar ruwa da sunan kwana biyu ne. Ruwan farko zai ɗebe ta, ta toshe kwalbatin unguwa, sauran ta gangara kogin Mfoundi. Kowa ya ga yadda tsakiyar gari, wajen Avenue Kennedy da babban gidan waya, yake cika da jan ruwa in an yi ruwa mai ƙarfi. Wannan jan ba daga sama ya zo ba, daga filayen mutane ne.

Masu fili a kan gangare su ne suka fi kowa bukatar hattara, kuma a garin da ake wa kirari da mai tuddai bakwai su ne masu yawa, don nan ne fili ya fi araha. Abin da aka saba yi shi ne a yanke tudu ta sama, a tura ƙasar ta ƙasa, a sami wuri shimfiɗaɗɗe. Rabin filin ke nan ƙasa ce ta asali mai tauri, rabi kuma sabon ciko ne da ba a danne ba. In aka ɗora harsashi a kan cikon, wannan ɓangare zai zauna, gida ya rabe biyu. Dole harsashi ya ratsa cikon ya taka ƙasar asali, komai zurfinta. Gaɓar da aka yanke ta sama, da cikon da aka tara ta ƙasa, kowanne yana son bangon tokara na dutse ko kankare, mai ƙananan kafofi da ruwa zai riƙa fita. Wannan aikin injiniya ne, kada a bar wa birkila shi kaɗai. Ba mu manta da unguwar Gouache ta Bafusam ba, inda tudu ya zaftare cikin dare a watan Oktoba na 2019 ya kashe mutum fiye da 40. A Nuwamba 2022 kuma, a unguwar Damas a nan Yawunde, wata doguwar gaɓar ƙasa ta rufto wa masu zaman makoki, mutum fiye da 10 suka rasu. Dokar tsara birane ta 2004 ta hana gini a wurin da ke fuskantar ambaliya ko zaizaya ko zaftarewar ƙasa, amma mai sayar da fili ba zai karanta maka ita ba.

Idan lokacin ciko ya yi, nan ma akwai gajen haƙuri. Sai a juye ƙasa baro bayan baro har ta cika, a saki tiyo ta kwana tana shan ruwa, a ce ta zauna. Yashi yakan zauna da ruwa, amma jar ƙasa mai yumɓu ba ta yi. Sama ta yi kyau, ciki kuwa rami-rami. Bayan shekara biyu sai a ji daɓe yana ƙara kamar ganga in an taka, tayil ya fara fashewa, bangon tsakiya ya tsage. Yadda ake yi shi ne a zuba kaurin santimita 15, in ya yi yawa 20, a yayyafa ruwa kaɗan, a daddaɓe da ƙarfe mai nauyi ko injin dannawa har sawun ƙafa ya daina fita, sannan a ƙara wani hawa. Gwajin laimar a hannu yake: a dunƙula ƙasar, in ta riƙe siffarta ba ta ɓata tafin hannu ba, kuma da aka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida huɗu ko biyar, to ta yi. In ta watse kamar gari ta bushe da yawa, in ta lafe a ƙasa ruwa ya yi yawa. A tsince saiwa da guntun katako da leda da buhun siminti, duk abincin gara ne ko mafarin rami. Iyayenmu mata da suke taruwa su yi daɓe da burji da ruwan makuba, kowace da madaɓinta suna waƙa, wannan ilimin ne suke aiki da shi, kaɗan-kaɗan da yawan duka. Da tsohuwar zuma ake magani.

'Yan'uwanmu na arewa, wajen Marwa da Kuseri, su lura da nasu bambancin. Baƙar lakar nan ta karal da ake dasa masakwa a kanta tana kumbura da damina, ta dare da rani har hannu ya shiga. Ita ba ta ciko ko kaɗan, komai duka. A fitar da ita daga ƙarƙashin gida, a kawo burji ko ƙasa mai yashi.

Akwai kuma wanda ƙasarsa za ta yi saura, musamman mai gangare ko mai haƙa rijiya. Kafin ya bayar, ya tuna sunan unguwarmu. Briqueterie da muke ce wa Birik ta samo sunanta ne daga wurin yin tubali da aka yi a nan tun zamanin Turawa, da wannan jar ƙasa da muke biya a kwashe. Kakanninmu kuma da tubalin ƙasa suka gina ganuwar Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina, kududdufan da ke cikin tsofaffin biranen nan ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Yau akwai ƙaramin injin hannu da ke matse ƙasa ta fito bulo mai kusurwa. Wani injiniya mai suna Raul Ramirez ne ya ƙirƙiro irinsa na farko a Bogota ta ƙasar Kolombiya a shekarun 1950. A nan Kamaru gwamnati ta kafa hukumar MIPROMALO a 1990 don bunƙasa kayan gini na gida, hedkwatarta a Yawunde, kuma bulon ƙasa yana cikin manyan ayyukanta.

Kafin a yi hayar inji a gwada ƙasar. A sami kwalba fara, a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye. Yashi da tsakuwa za su kwanta cikin minti guda, laka mai laushi ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana. Washegari za a ga hawa uku. Ana so yashi ya fi rabi, yumɓu kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. In yumɓu ya yi yawa, kamar yadda aka fi samu a jar ƙasar Yawunde, sai a ƙara yashi, in ba haka ba bulon zai tsattsage. A tankaɗe ƙasar, a gauraya ta a bushe da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa irin na gwajin dunƙule, a matse. Buhu ɗaya na kilo 50 yakan fitar da bulo fiye da 100. A jera su a inuwa a lulluɓe da leda, ana yayyafa musu ruwa mako biyu, kada a yi gini da su sai sun cika kwana 28. Ɗakin da aka yi da su ya fi na siminti sanyi da rana. Sharaɗinsa biyu ne: a ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga daga ƙasa, kuma rufin kwano ya fito sosai ya kare bango daga feshin ruwa. Wanda yake jin kunyar a ce ya yi gidan ƙasa, to ya fara da katanga, ko kicin, ko ɗakin maigadi, ya gani da idonsa. Mu dai a ganinmu kunyar ba ta da tushe, tunda manyan mutane ma suna biyan kuɗi mai yawa a yi musu irinsa.

Ƙasar da ba mu ce a riƙe ba ita ce wadda aka tono daga tsohon masai, ko tsohuwar bola, ko wurin da aka yi garejin mota ana zubar da baƙin mai da ruwan batir. Wannan kada a yi lambu da ita, kada yara su yi wasa a kai, kada ta kusanci rijiya. A tambayi ofishin magajin gari inda aka yarda a zubar. In kuma mai kyau ce ta yi saura, maigida ya san cewa tana da masu so. Mai tifa yakan karɓi kuɗin kwashewa a wurinka, ya karɓi kuɗin kawowa a wurin wani. A tambayi maƙwabta masu gini, ko kwamitin masallaci, ko masu gyaran hanyar unguwa, wanda yake so ya kawo motarsa. Abin da ba mu goyon baya shi ne a sayar wa masu cike fadama, wuraren da ake kira elobi, domin nan ne ruwa yake kwanciya in ya yi yawa. In an cike shi, gidan wani zai shiga.

Baƙar ƙasar da aka ajiye ita ce ta ƙarshe da za a taɓa, bayan an gama shafe da fenti an kwashe ɓaraguzai. A fara gyara tsakar gida da jar ƙasa yadda za ta gangara daga jikin bango zuwa waje, kamar santimita 5 a kowace mita a mita biyun farko, don ruwa kada ya kwanta a gindin gini. A ɗan sassaƙa inda ƙafa da baro suka danne, sannan a shimfiɗa baƙar, kaurin santimita 15 zuwa 20, kada ta hau jikin bango. Zogale da gwanda da yakuwa da tattasai za su yi a ɗan wuri. Mangwaro da fiya kuwa a nisanta su daga harsashi da ramin masai da mita biyar ko fiye, saboda saiwarsu tana bin laima.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu duba tazarar da ta kamata a bari tsakanin rijiya da masai.